Yadda Mai Ɗaukan Hoton Majigi Ya Shiga Cikin Hotonsa

Ƙasar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Bakori har Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Ƙasar tana da ƙarfi, ruwan sama kuwa ya fi na arewacin Katsina yawa, saboda haka dawa da masara da auduga suna yi ƙwarai. Audugar nan ita ta jawo hankalin Turawa. Kamfanin B.C.G.A., wanda masu masaƙu na Ingila suka kafa cikin 1902 don neman auduga a ƙasashen da su ke mulki, ya kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi. Aka buɗe gonar iri a Daudawa. Hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, wadda aka gama cikin 1929, ta ratsa ta Funtuwa, gari ya bunƙasa. Ko wace shekara a kan raba wa manoma angurya ta hannun hakimai da dagatai, da kaka kuma a buɗe kasuwannin auduga, a kafa sikeli.

Cikin abubuwan da suka biyo auduga zuwa ƙauyuka har da majigi. Abin da mu ke so mu bi tarihinsa a nan shi ne wata 'yar tambaya da majigi ya zo da ita, wadda kuwa har yau ba ta tsufa ba. In an nuna maka hoton mutane aka ce ga yadda su ke, wa ya ɗauka, kuma shi yana ina?

MURYAR DA BA A GANIN MAI ITA

Kalmar majigi ta samo asali daga sunan da mutanen Ingila su ke kiran wata fitila ta da, wadda a ke haska hotuna da ita a jikin bango. Hoto mai motsi ya fara isowa Nijeriya cikin Agusta 1903, sa'ad da aka nuna shi a Ikko, gidan silima na Rex kuwa an buɗe shi a Kano cikin 1937. Amma silima ta birni ce, ta mai kuɗin shiga, dattawa kuma ba su ɗauke ta wurin mutunci ba. Majigi shi ne na talaka, don kyauta ne, na Gwamnati ne, shi ke zuwa ya iske mutum a garinsu.

Wanda ya fi kowa hannu cikin kafa wannan aiki wani Baturen ma'aikatar lafiya ne, William Sellers, wanda ya fara amfani da fim a Ikko wajen ƙarshen shekarun 1920, don ya nuna wa mutane yadda ɓera ke yaɗa annoba. Da aka shiga yaƙin Hitila cikin 1939, Gwamnatin Ingila ta buɗe ofishi a Landan na yi wa ƙasashen mulkinta finafinai, ta ɗora shi bisansa. Ofishin nan ya yi aiki har 1955. Kafin a rufe shi Nijeriya ta sami nata, daga baya kuma Jihar Arewa ta kafa nata a Kaduna.

Yadda a ke yi, takarda ta kan riga mota zuwa. Ofishin En'e ya rubuta wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, sanƙira ya zaga gari ya ce yau akwai majigi a ƙofar fada ko a filin makaranta. Da la'asar mota ta iso, yara na biye da ita da gudu. In duhu ya yi sai a kafa farin ƙyalle, a ta da injin wuta, mai bayani ya fara magana ta lasifika. A kan fara da labarun ƙasa, kamar hawan dabar da aka yi wa Sarauniya a Kaduna cikin 1956, ko Sardauna yana buɗe asibiti. Sa'an nan a shiga darasi: tsabtar rijiya, yin lamba saboda agana, yaƙi da jahilci, shuka auduga da wuri, da tuge itatuwanta a ƙone bayan an gama tsinka don kada tsutsa ta sami wurin kwana. Yawancin darussan nan a kan gina su bisa mutum biyu, mai wayo da wawa. Mai wayo ya bi maganar malamin gona ya sami keke, wawa ya ƙi ya kwana da bashi. Tsofaffin ƙasar nan har yanzu suna tuna Baban Larai, fim na Hausa da aka yi cikin shekarun 1950 don kwaɗaita wa manoma gyaran noma.

Ba mai musun amfanin majigi, gama mutane da yawa a can suka fara ganin teku da jirgin sama da cikin asibiti. Amma ga abin lura. Sellers ya shimfiɗa ƙa'idodi, ya ce kada a yi sauri, kada a yawaita tsalle daga hoto zuwa hoto, don a ganinsa idon mutumin ƙauye bai saba ba. Watau tun kafin a ɗauki hoto an riga an yanke wane ne mai sani, wane ne marar sani. Manomi yana cikin ƙyalle yana huɗa, amma ba a jin bakinsa. Wanda a ke jin bakinsa, watau mai bayani, karanta abin da aka rubuta masa ya ke yi. Wanda ya rubuta kuwa, da wanda ya riƙe kyamara, da wanda ya zaɓi abin da za a nuna ya zubar da saura, ba a ganin ko inuwarsu.

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san takardar da ba ta da sa hannu ba a aiki da ita. Haka a gaban alƙali, ba a karɓar shaida daga bayan zana, sai mai shaida ya fito an gan shi, an san ko ɗan wane ne, an san abin da ke tsakaninsa da masu shari'a. Fim ɗin da ya ce shi labarin gaskiya ne, ba wasan kwaikwayo ba, shaida ne ya ke bayarwa a kan mutane. To, ga shaida, amma mai ita ya ɓuya. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa.

ASALIN ABIN A TURAI

Abin mamaki, tun ran farko mai hoto ya taɓa shiga hotonsa. Ran 28 ga Disamba 1895 wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière, suka nuna hotuna masu motsi ga 'yan kallo masu biya a birnin Faris. Gajeru ne guda 10, ko wanne bai kai minti ɗaya ba. Cikinsu akwai wanda Louis ya ɗauki wansa da matarsa suna ba jaririyarsu abinci a tsakar gida. Amma da sana'ar ta girma ta zama ta kamfani da Gwamnati, sai mai ɗauka ya ja da baya ya ɓace.

Cikin 1922 wani Ba'amurke, Robert Flaherty, ya fitar da fim ɗin Nanook, labarin wani maharbi na ƙasar ƙanƙara a arewacin Kanada. Flaherty ya yi abu ɗaya mai kyau, ya kan wanke fim ɗin a can ya nuna wa mutanen su ga kansu. Amma mai kallo bai san maharbin ba Nanook ne sunansa ba, bai san mutanen suna da bindigogi aka ce su yi farauta da mashi irin na kakanninsu ba, bai kuma san an gina ɗakin ƙanƙara rabi buɗe don haske ya isa kyamara ba. Hannun mai fim yana ko'ina, amma ba a nuna shi ba.

Wanda ya fara tona asirin sana'ar da gangan wani mutumin Rasha ne, Dziga Vertov, cikin 1929. A fim ɗinsa na zaman birni ana ganin mai kyamara, wanda ƙanensa ne, yana hawa gada da bayan mota da kayan aikinsa. Ana ganin matar Vertov zaune a tebur tana yanka fim da almakashi tana liƙawa. Har 'yan kallo ana ganinsu suna shiga silima suna kallon fim ɗin nan da kansa. Nufinsa mai kallo ya san abin da ya ke gani ɗinki ne, akwai kuwa maɗinki.

BAFARANSHE A BAKIN KWARA

Babban juyin wannan al'amari a maƙwabtanmu aka yi shi, a ƙasar Nijar. Jean Rouch, Bafaranshe, an haife shi cikin 1917, ya zo Nijar cikin 1941 yana injiniyan hanya. Cikin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu suka bi Kwara cikin kwalekwale tun daga mafarinta har teku. A tafiyan nan ya rasa ƙafafun da a ke ɗora kyamara, dole ya riƙa ɗauka da hannu yana tafiya cikin mutane, abin da ya zama al'adarsa har ƙarshen ransa.

Cikin 1951 ya ɗauki Sarkawa na wajen Ayoru suna farautar dorina. Da ya koma Faris ya haɗa fim ɗin, ya sa masa kiɗa don ya ƙara armashi. Cikin 1954 ya dawo Ayoru ya kafa ƙyalle ya nuna wa masu farautar. Suka kalla suka sake kallo, sa'an nan suka ce akwai gyara. Suka ce kiɗan nan ba shi da wuri, don dorina tana da kunne ko a ƙarƙashin ruwa, in ta ji kiɗa gudu za ta yi, farauta kuwa shiru a ke yinta. Rouch ya karɓi gyaran. Ga mutanen da ofishin Landan ya ke cewa idonsu bai saba ba, ga su suna koya wa mai fim aikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Daga nan aka haifi fim ɗin Jaguar. Samari uku, Damure Zika da Lam Ibrahim da Illo Gaudel, suka tafi cin rani daga Nijar zuwa ƙasar da a ke kira Gana yanzu, Rouch na biye da su. Suka yi aiki a Ankara, suka kafa tebur a kasuwar Kumasi, da damina ta kusa suka komo gida. Kyamarar lokacin ba ta ɗaukar murya, saboda haka daga baya aka zaunar da su suna kallon kansu suna ba da labari, suna yi wa juna ba'a, aka ɗauki muryoyinsu aka ɗora. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. A nan mai bayani ya zama shi ne wanda ke cikin hoto.

Haka aka yi a Abijan cikin 1957, a unguwar Treichville, da wani saurayi ɗan Yamai mai suna Umaru Ganda, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa. Ganda ya shiga sojan Faransa yana yaro, aka kai shi yaƙin Indocin, watau ƙasar Biyetnam, ya dawo hannu wofi. A fim ɗin, mai suna Moi, un Noir, watau "Ni, Baƙin Mutum", shi ke faɗin wahalarsa da burinsa da bakinsa, har ya kwatanta yadda a ke kwanciya a yi harbi a fagen fama. Fim ɗin ya ci babbar kyauta a Faransa cikin 1958.

Saura mataki ɗaya, shi ne mai fim ya fito da kansa. Cikin 1960 aka ƙera kyamara marar nauyi wadda ke tafiya tare da na'urar ɗaukar murya. Rouch da abokinsa Edgar Morin suka juya ta kan mutanen Faris, suka sa a tare mutane a titi ana tambayarsu ko suna jin daɗin zamansu. Su biyun suna cikin hoto tun farko, suna shawarar yadda za su yi. Wajen ƙarshe suka tara waɗanda aka ɗauka suka nuna musu, gardama ta kaure, wani ya ce wance ta yi gaskiya, wani ya ce a'a, wasa ta ke yi don ta ga kyamara. Gardaman nan ma aka ɗauke ta aka sa. Sa'an nan aka ga Rouch da Morin suna tafe suna tambayar juna ko sun ci nasara. Fim ɗin ya fito cikin 1961, tun daga nan kuwa masu wannan sana'a a duniya suka san ana iya nuna ɗinki da maɗinki gaba ɗaya.

Duk da haka Rouch bai tsira daga zargi ba. Cikin 1965 Usman Sembene na Senegal ya gaya masa a gabansa cewa shi da irinsa suna duban mutanen Afirka kamar yadda a ke duban ƙwari. Maganar tana da ɗaci, amma akwai abin dubawa cikinta, gama ko baƙo ya ba ka lasifika, shi ke da kyamara, shi ke da almakashi. Rouch bai rabu da Nijar ba har ya rasu cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ran 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai.

'YAN ƘASA SUN KARƁI KYAMARA

Umaru Ganda bai gamsu da yadda aka ba da labarinsa ba, sai ya koyi sana'ar ya sake ba da shi da kansa. Cikin 1968 ya yi Cabascabo da harshen Zabarmanci, labarin tsohon soja da ya dawo daga Indocin da 'yan kuɗinsa, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa, da aljihu ya bushe kowa ya watse. Wasan kwaikwayo ne, amma shi ya rubuta, shi ya shirya, shi ya fito a matsayin sojan, rayuwarsa ce kuwa a ciki. Cikin 1972 wani fim nasa ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu, shi ne na farko da aka ba ita. Ya rasu cikin 1981.

A Senegal wata malamar makaranta, Safi Faye, ta koma ƙauyensu da kyamara ta yi Kaddu Beykat cikin 1975, ma'anarsa maganar manomi. Ta shirya shi kamar wasiƙa, da muryarta ta ke buɗewa tana gaida mai kallo, tana ba shi labarin gida. 'Yan'uwanta ne ke zaune gindin itace suna maganar fari, da haraji, da bashi, da yadda gyaɗa ta cinye gonakin gero alhali kuwa ba su ke yanka mata kuɗi ba. Gwamnatin Senegal ta hana nuna shi. Duk manomin auduga na Bakori da ya taɓa tsayawa gaban sikeli zai gane maganan nan ba sai da tafinta ba. Bambancinsa da majigi a fili ya ke: can ana gaya wa manomi abin da zai shuka, nan manomi ke faɗin abin da shukar ta jawo masa.

Da ƙananan kyamarori masu araha suka fito, abin ya ƙara sauƙi. Cikin 2000 wata tsohuwa Bafaranshiya, Agnès Varda, ta yi fim a kan masu kala, waɗanda ke bin gonaki bayan girbi suna tsintar dankali, da masu tsintar abin da aka zubar a kasuwa. Tana cikin haka sai ta juya kyamara ta ɗauki bayan hannunta da ya yamutse, da furfurarta, ta sa kanta cikin masu kala, ta ce ita hotuna ta ke tsinta.

GALMI DA DAMAGARAM

A ƙasar Hausa, waɗanda suka fi nisa cikin wannan hanya mutanen Nijar ne. Sani Magori ɗan Galmi ne, an haife shi cikin 1971, malamin gona ne kafin ya koyi fim a Senegal. Kowa ya san albasar Galmi, wadda a ke lodinta har Abijan da Ankara. Cikin 2008 ya yi fim a garinsu a kan wani manomi da 'yarsa ta shekara biyu tana jiran aure. Surukai sun matsa, gari ya ɗauki magana, sai uban ya ce za a yi biki in an cire albasa. Daga nan auren yarinya ya rataya ga ruwa, da taki, da kuɗin buhu ran da dillalai suka zo. Malamin gona na majigi da ya tsaya ga yadda a ke dashe. Wannan kuwa, da ya ke ɗan gida ne, ya san abin da a ke lissafawa da dare bayan an gama ban ruwa.

Fim ɗinsa na 2010, Kukan Kurciya, ya fi shiga cikin gida. Mahaifin Sani ya tafi Abijan neman kuɗi, shekaru suka yi ta wucewa bai komo ba. A ƙasarsu akwai wata zabiya, Husai, wadda a zamanin ƙuruciyarta waƙoƙinta ke zuga samari su tashi su tafi kurmi, wanda ya zauna gida a ce rago ne. Sani ya je ya same ta ta tsufa, ya roƙe ta, tun da muryarta ta kore su, ta zo su tafi tare ta kira su da muryar nan. Suka kama hanya har Abijan, tana yi wa 'yan Nijar mazauna can waƙar komowa gida. A nan mai fim ba ya iya cewa shi ɗan kallo ne. Ubansa ya ke nema, mai kallo kuwa ya sani, saboda haka ya san ma'aunin da zai auna duk abin da aka nuna masa.

A'isha Macky 'yar Damagaram ce, an haife ta cikin 1982. Fim ɗinta na 2016 sunansa da Faransanci L'Arbre sans fruit, watau itacen da ba ya 'ya'ya. Matar aure ce, ba ta sami haihuwa ba, mahaifiyarta kuwa wajen haihuwa ta rasu tun A'isha tana ƙarama. Sai ta shirya fim ɗin kamar tana magana da mahaifiyar tata. Ta nuna kanta a gaban likita, ta zauna da waɗansu mata masu irin damuwarta, suka faɗi gorin dangin miji, da zancen kishiya, da yadda a kan ɗora wa mace laifi tun ba a gwada namiji ba. Da baƙo ne ya zo da tambayoyin nan, da zaure kaɗai zai gani. Matan sun saki jiki ne don mai tambayar ta riga ta buɗe nata cikin. Fim ɗin ya ci kyautar finafinan Afirka a shekarar da ya fito. Cikin 2021 ta sake yin wani a kan samarin unguwar Kara-Kara ta Damagaram, wadda asalinta wurin zaman kutare ne.

MU FA A NAN?

A Nijeriya ta Arewa hanyar ta bi wani waje. Adamu Halilu, wanda ya taso cikin aikin finafinan Gwamnatin Arewa, ya yi Shaihu Umar cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Cikin 1990 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya a Kano, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe. Amma kusan dukan ƙarfin ya tafi ga wasan kwaikwayo. Fim na labarin gaskiya ya zauna hannun Gwamnati da gidajen talabijin, da muryan nan tasa ta majigi.

Ba kuwa don ba da labarin kai baƙon abu ne ga Bahaushe ba. Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga cikin 1885. Baba ta Karo ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau ta faɗi nata, ya fito cikin 1954. Abubakar Imam ya rubuta tafiyarsa ta Ingila ta 1943. Marubutan waƙa su kan sa sunansu a baitin ƙarshe don a san mai ita, ɗan dambe ya kan yi wa kansa kirari, Mamman Shata kuma, wanda ya daɗe zaune a Funtuwa, Bakandamiyarsa labarin kansa ce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi kuwa an daɗe ana ƙirga ta ana aunawa. Cikin 1975 aka fara babban shirin noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, cikin shekarun nan kuma likitocin Ingila da na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi binciken cututtuka a Malumfashi. An cika takardu da lissafin buhuna da na marasa lafiya. Sa'an nan masifar 'yan bindiga ta zo. Cikin Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, duniya duka ta ji. Cikin 2022 B.B.C. ta nuna fim a kan 'yan bindigar Zamfara, wanda wani saurayi ɗan ƙasar, Yusuf Anka, ya shiga daji da ƙauyuka yana cikin hoto yana magana a matsayin wanda abin ya shafa. Gwamnati ta husata, cikin Agusta na shekaran nan aka ci waɗansu tashoshi tarar Naira miliyan 5 ko wacce. Wannan ya nuna maganar ɗan gida tana da nauyi, tana kuma da tsada.

To, a nan sai a yi hattara, gama hanyar tana da ramuka. Na farko, shigar mutum cikin hotonsa ba ta mai da shi mai gaskiya. Maƙaryaci ma ya kan tsaya gaban alƙali. Abin da ta ke yi kaɗai shi ne ta ba mai kallo wanda zai tuhuma. Na biyu, akwai wanda in ya juya kyamara kansa ba ya sake juya ta, a tafi ɗaukar manoma a komo da fuskarsa, yabon kai kuwa jahilci ne. Sani Magori da A'isha Macky sun sa kansu ne don ƙofa ta buɗe ga waɗansu, da ta buɗe suka matsa gefe. Na uku shi ne mafi nauyi. Ba mai labarin kansa shi kaɗai. Wanda ya faɗi nasa ya faɗi na ubansa, da na matarsa, da na maƙwabcinsa, su kuwa ba su roƙa ba. Mu mutane ne masu kunya, waɗanda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, an kuma ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A ƙauyen da 'yan bindiga ke kewaya, fuskar manomi da ta fito cikin waya tana iya jawo masa abin da ya fi kunya. Maganin wannan shi ne abin da Sarkawan Ayoru suka koya wa Rouch tun 1954: a nemi yardar mutum kafin a ɗauka, a komo a nuna masa kafin a nuna wa duniya, in ya ce a cire a cire.

Ba a ce baƙo ya daina zuwa ba, gama wani lokaci idon baƙo ya kan ga abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani. Amma yau kayan aikin da a da sai Gwamnati ke da su, mota da inji da ƙyalle, sun taru cikin wayar da ke aljihun ɗan manomi. Yawancin abin da a ke ɗauka da ita biki ne da raha, ba laifi. Sai dai akwai tsofaffi a Daudawa da Bakori da Malumfashi waɗanda suka ga zamanin angurya da sikeli, suka ga zuwan takin zamani, suka ga faɗuwar auduga da hawan masara, ga shi kuma sun ga gonakin da ba a iya zuwa. Kullum raguwa su ke yi. Jikan da ya zauna gaban kakansa ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi, sa'an nan ya yi tambaya ya yi shiru ya saurara, ya yi wa garinsu aikin da majigi bai yi ba cikin dukan shekarunsa. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.